Haruna ɗan Idi, Idi ɗan Haruna

A shekarar da annoba ta sa aka kulle Daura, aka rufe kasuwa, aka hana jam'i har ladan ya riƙa kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa, a shekarar ce na canza salsalar gidanmu. Na san waɗansunku sun haddace ta a bakina tun kuna ƙanana, sa'an nan kuka ji na dawo ina jero ta da ƙari, kunya ta hana ku tambaya. Waɗansu kuma a bakin mutanen gari suka ji labarin, su kuwa mutanen gari ba sa miƙa labari sai sun barbaɗa masa gishiri. To ga shi daga bakina. Na rubuta da ajamina, Rukayya za ta mayar muku da shi boko. Allah Shi ne masanin abin da mahaifa ta ɗauka da abin da ƙirji ya ɓoye. Abin da na dace a ciki daga gare Shi ne, saura kuwa nawa ne.

Kun san al'adar gidanmu. Idan an raɗa suna ko an ɗaura aure, bayan an shafa fatiha, kafin a raba goro, wani daga cikin manya yakan miƙe ya jero kakanni, daga na yau har zuwa Malam Haruna Mai Rijiya, wanda ya haƙa rijiyar da ke bayan masallacin unguwarmu. Mahaifina ne yake yi, da ya rasu abin ya faɗo kaina. Ba a takarda na koya ba, a gabansa na koya, yana faɗa ina maimaitawa kamar karatun allo. Ni ne Yahaya ɗan Ibrahim ɗan Sule ɗan Idi ɗan Haruna. Shi Idi 'ya'ya maza biyu ya haifa, Abba da Sule. Abba ya fita ci-rani a wata shekarar yunwa yana saurayi, lokacin Sule yana goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba; saboda haka reshensa a nan yake tsayawa, mukan ce Allah ya jiƙansa mu wuce. Na jero wannan a gaban jama'a tun gemuna yana baƙi har ya yi furfura, ban taɓa tuntuɓe ba, kuma ina jin daɗin tsit ɗin da ake yi idan na gyara murya.

A Baure kuwa akwai wani gida na manoma masu kiwon tumaki, waɗanda tun zamanin mahaifina suke cewa su danginmu ne. Babbansu a zamanina shi ne Malam Ɗahiru, dogon mutum mai sanyin murya, ya ɗan girme ni. Idan aka tambaye shi asalinsa sai ya ce shi Ɗahiru ne ɗan Musa ɗan Haruna ɗan Idi na Daura. Ku lura da kyau: mu muna cewa Idi ɗan Haruna, su suna cewa Haruna ɗan Idi. A wurinmu wannan kaɗai ya isa hujja. Mahaifina yakan ce sun tsinci sunayen ne a bakin wani, suka ɗauka ba su san ina kai ina ƙafa ba, kamar wanda bai yi karatu ba ya riƙe allo a kife. Daga nan aka laƙaba musu 'yan Kife, sunan ya bi su har ya iso kunnenku.

Ranar ɗaurin auren yayanku Abba, Malam Ɗahiru ya zo tun da hantsi da rago, ya zauna a gefen tabarma wajen takalma. Da na gama jero kakanni, ana ta Allah ya jiƙan magabata, sai ya ɗago hannu.

Ya ce, "Malam, da ka kai kan Idi, da ka ɗan tsaya ka ambace mu, ko sau ɗaya ne, yarana su ji."

Na ce, "Malam Ɗahiru, in ambace ku a ina? Wai a Baure uba ne yake haifar ɗa, ko ɗa ne yake haifar uba?"

Aka yi dariya har wani ya ƙware da goro. Shi ma ya yi murmushi, ya ce Allah ya sanya alheri, ya ci abinci, ya tafi ya bar ragon. Kuma bai fasa abin da ya saba ba: kowace kaka sai an sauke damin gero a ƙofar zaurena, ɗan aike ya ce Malam Ɗahiru yana gaida gida, wai na zumunci ne. Ni kuma in ce a gaya masa Allah ya karɓi sadaka. Da gangan nake zaɓen kalmar. Malami yana karɓar sadaka daga kowa, zumunci kuwa sai daga jini.

To, da aka kulle gari, Rukayya ta dawo gida, don an rufe jami'ar da take karatun kwamfuta. Ita ce autarmu, ita kaɗai ce cikinku take iya zama kusa da ni ta miƙe ƙafa. Ni kuwa ba masallaci, ba majalisa, ba almajirai manya da nake biya wa littafi da la'asar; sai in ɗauki buzu in koma inuwar darbejiyar tsakar gida in sa wa innarku ido tana aiki, har ta fara cewa ita annobarta ni ne. Wata rana na ga Rukayya ta ƙura wa kwamfutarta ido tana tsaki, na tambaye ta abin da ya dame ta. Ta ce ita kwamfuta ba ta fahimtar magana a dunƙule, sai an farfasa mata ita ta zama kamar bishiya: gindi ɗaya, rassa, kowane reshe da 'ya'yansa, sa'an nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ce wato li'irabi, irin farfasa jimla da muke yi a nahawu, kuke koya wa ƙarfe. Ta ce kusan haka. Aikin da malaminta ya ba ta shi ne ta rubuta umarnin da zai gano abu biyu a irin wannan bishiya: reshen da ya lanƙwaso ya koma ya zama gindin kansa, da kuma wurin da rassa biyu suka haɗu a kan abu ɗaya. Tana neman magana mai rassa da yawa ta gwada, ba ta samu ba.

Ta dube ni ta ce, "Baba, ai kai ne maganar. Jero mini salsala."

Haka muka fara. Bayan azahar ina faɗa tana bugawa, Wane ɗan Wane, Wance 'yar Wane. In cajinta ya ƙare sai ta miƙa kwamfutar ta kan katanga ga matar Chinedu, maƙwabcinmu mai sayar da kayan babur, don su suna tada janareta da yamma. Da muka gama zuba sunaye, ta danna wani abu ta ce yanzu zai bi bishiyar daga Mai Rijiya ya gangaro. Muka jira. Muka jira. Kwamfutar ta yi zafi tana huci, ba ta ce komai ba, har sai da Rukayya ta kashe ta da ƙarfi. Da ta bincika sai ta fashe da dariya. Ashe da ta zo kan yayanku ba ta rubuta Abba ba, sunansa na yanka ta rubuta, wanda ta sani a takardunsa na makaranta. Ku kuwa kun san sunan mahaifina ya ci, shi ya sa tun ranar suna ni da innarku ba mu taɓa kiransa da shi ba, Abba muke cewa. Injin bai san wannan ba. Ya ga Ibrahim ya haifi Yahaya, Yahaya ya haifi Ibrahim, ya ɗauka mutum ɗaya ne, sai ya shiga zagaye, daga mahaifina zuwa ni, daga ni zuwa mahaifina, ba iyaka.

Innarku tana tsince shinkafa ta ce, "Wato kamar akuya a turke. Wannan ne kuke biya wa kuɗin makaranta?"

Washegari Rukayya ta ce ta samo magani, ta zauna ta yi mini bayani da irin maganar da zan gane.

Ta ce, "Baba, ka ɗauka kowane mutum ɗaki ne, kuma ƙofofin ɗakunan 'ya'yansa a cikin nasa suke. Na ce wa injin duk ɗakin da zai shiga ya tuɓe takalmi ya bari a bakin ƙofa, ba zai ɗauka ba sai ya gama da duk ɗakunan da ke ciki ya fito. To in ya iso wata ƙofa ya tarar da takalminsa, ka ga bai fita daga ɗakin ba ke nan, zagayowa ya yi. Sai ya tsaya ya yi mini kuka. In kuwa sawunsa kawai ya gani, ba takalmi, to ya taɓa shiga ya fito lafiya, hanya biyu ce ta kawo ɗaki ɗaya. Ba sai ya sake shiga ba, ya yi alama ya wuce."

Innarku ta ce, "Shi kuwa da takalma nawa yake yawo? Ko ɗan kasuwa ne?"

Da aka sake gwadawa injin bai yi zafi ba. Ya tsaya cak a kan yayanku ya nuna jan rubutu, wato ga takalmi. Sai Rukayya ta ba kowannensu lambarsa daban, ta raba Ibrahim na sama da Ibrahim na ƙasa, kukan ya ɗauke. Ya sake yi a gidan baffanku, ya sake yi a gidan wata goggonku. Duk inda aka duba, jika ne ya ci sunan kaka. Daga nan ta kafa doka: duk wani Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Inna, sai an gaya mata sunansa na yanka da wanda ya ci wa suna. Abin ya zama wasa a gidan, don akwai sunayen da ni ba na iya faɗa, akwai waɗanda innarku ba ta iya faɗa, sai mu riƙa tura wa juna. Alamar sawu kuwa a kanku duka ta fito. Injin ya gangaro daga Sule ta kan mahaifina ta kaina ya same ku, ya sake gangarowa daga Sule ta kan baffana ta kan innarku ya sake samun ku. Rukayya ta ce wannan ba cuta ba ce, tarayya ce.

Innarku ta ce, "Sai yau ya san ni 'yar baffan Malam ce? A gaya masa auren zumunci ake ce masa, kada ya je yana ba mutane labari."

Ban ɓoye muku ba, na ji daɗin kwanakin nan. Na ga salsalata ta shiga ƙarfe ta fito ba ta karye ba, har na fara tunanin yadda zan ba da labari a majalisa in an buɗe gari. A cikin wannan nishaɗin ne innarku, don neman abin dariya, ta ce a zuba na 'yan Kife a ga abin da injin zai ce. Na ce a zuba. Na faɗa da bakina: Ɗahiru ɗan Musa ɗan Haruna ɗan Idi.

Rukayya ta ce, "Wane Haruna zan sa?"

Na ce, "Haruna nawa ne? Mai Rijiya suke iƙirari, shi za ki sa."

Ta sa. Injin ya gangaro, ya tsaya, jan rubutu ya fito. Haruna ya haifi Idi, Idi ya haifi Haruna. Na tafa hannu na ce Allahu Akbar, ko ƙarfe ya san ƙarya. Innarku tana dariya. Rukayya ce kaɗai ba ta yi ba, ta ƙura wa allon ido.

Ta ce, "Baba, irin kukan da ya yi a kan Yaya Abba ne fa."

Na ce, "To?"

Ta ce, "Shi bai ce wani ya yi ƙarya ba. Cewa ya yi ya ga takalminsa. Kuma duk inda ya yi wannan kukan, mun tarar mutum biyu muka cusa a riga ɗaya."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ban san yana kusa ba. Na ce mata tun ba a haifi uwarta ba ake jero wannan salsala, ba a taɓa jin Haruna na biyu ba. Na ce ta cire mini mutanen nan daga cikin kakannina yanzu yanzu. Ta sunkuyar da kai ta cire. Jan rubutun ya ɓace. Ta ce a hankali, "Na cire, Baba. Ya yi shiru. Amma don na toshe masa ƙofar ne." Na yi kamar ban ji ba, na ɗauki buta. Kwana biyu ba mu koma kan aikin ba, gidan ya yi nauyi, innarku ma ta daina zolaya.

Rukayya ce ta dawo da kwamfutar ƙarƙashin darbejiya, ta durƙusa ta ce aikin ya kusa ƙarewa, gurbi ɗaya ya rage a dokar sunaye, in na cike mata shi ke nan. Na ce faɗi.

Ta ce, "Abba na Idi, wanda ya tafi ci-rani. Mene ne sunansa na yanka?"

Na buɗe baki da niyyar in faɗa, kamar yadda nake faɗar kowane suna, sai na tarar babu komai a wurin. Na koma farkon reshen a zuciyata na sake gangarowa da sauri, ko zai faɗo da kansa: Idi ya haifi Abba da Sule. Abba. Haka mahaifina ya ba ni. Haka shi ma Sule ya ba shi, Sule kuwa yana goye aka tafi, bai san yayansa da wani suna ba sai wanda ya ji iyayensa suna faɗa in sun tuna shi. Iyayen kuwa me zai sa su ce Abba? Ina cikin wannan sai innarku ta ajiye rariya. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo.

Ta ce, "Malam, ɗan fari ne, namiji, ubansa ba ya iya kiran sunansa. Sunan wa ya ci?"

Rukayya ta sa hannu a baki. Ni da na yi shekara da shekaru ban iya kiran sunan ɗana ba saboda kunyar mahaifina, ni ne ban taɓa tambayar kaina me ya sa Idi yake ce wa ɗansa Abba ba. Yaron ya fita daga gidan da ake ɓoye sunansa, ya sauka a garin da babu mai jin kunyar sunan, aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya: Haruna ɗan Idi. 'Ya'yansa suka riƙe, jikokinsa suka riƙe, suka kawo mana har ƙofar gida shekara bayan shekara, mu kuwa muna jero wa mutane cewa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na tuna ranar ɗaurin aure, na tuna wanda ya ƙware da goro, na tuna inda Malam Ɗahiru ya zauna, wajen takalma. Da ƙyar na ce wa Rukayya ta mayar da su, ta ba Haruna na biyu lambarsa, ta ɗora shi a gurbin Abba. Ta yi. Injin ya gangaro daga Mai Rijiya har ƙasa, bai tsaya ko'ina ba. Reshen da nake cewa Allah ya jiƙansa in wuce, sai ga shi ya fi namu tsawo da ganye. Kuma shi ne na yaya, mu ne na ƙane.

Abin da ya biyo baya shi ne jira, kuma shi ne ya fi mini wuya. Gari a kulle, ba shiga ba fita. Yayanku Abba ya ce ai ana iya samo lambar wani a gidan a buga waya. Na ce abin da aka ɓata a gaban jama'a ba a gyara shi a kunne. Ana haka wani mai fataucin tumaki ya kawo labari cewa Malam Ɗahiru yana kwance tun kafin azumi, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rauni. Ban taɓa roƙa wa wani tsawon rai da naciyar da na roƙa masa a azumin nan ba, kuma na san rabin roƙon kaina nake yi wa. In na shiga rumbu in ga daminsa na bara a jingine sai in kau da kai.

Na fara gaya wa kawunku Alhaji Garba, yayan innarku, don shi ne babba a ɗakin baffana. Ya saurare ni ta bakin zaure, yana tsaye daga nesa kamar yadda aka ce a riƙa yi.

Ya ce, "Yahaya, wato Baffa Ibrahim bai sani ba, kai ba ka sani ba, sai rediyon Rukayya?"

Na ce, "Ba ita ta sani ba, Yaya. Tsayawa kawai ta yi ta ƙi wucewa. Mu ne muke wucewa."

Ya ce, "In ka faɗi wannan a taro, ka san dariyar da aka yi wa mutumin nan kanka za ta dawo."

Na ce na sani. Kuma ta dawo. Har yau akwai masu ce mini Malam Mai Kife a bayan ido, akwai gidajen dangi da suka daina kirana in jero kakanni, suna cewa wanda ya canza sau ɗaya zai sake. Ban ga laifinsu ba. Shi kansa Alhaji Garba sai da aka shekara kafin ya daina tashi in na kai kan Idi.

Da aka buɗe hanya, damina ta sauka, ana shuka. Na sa aka ciro dami daga geron gonata, ba nasa ba, aka ɗaure a bayan motar Abba, muka kama hanyar Baure. Rukayya ta so ta ɗauko kwamfutar ta nuna masa, na ce ta bar ta a gida. Muka tarar da shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da bango, ƙafarsa a kan matashi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 'Ya'yansa da jikokinsa suka taru, don ba a taɓa ganin ɗan gidanmu ya taka ƙofar nan ba. Na tuɓe takalmi, na wuce tabarmar da aka shimfiɗa mini, na durƙusa a gabansa a ƙasa.

Ya ce, "Muryar wa nake ji? Kamar Malam na Daura."

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya karkato kunnensa mai ji ya ce, "Wa ka ce?"

Na ce, "Yaya na ce."

Ya ce, "To. Yau kuma ɗa ne ya haifi uba, ko yaya?"

Babu wanda ya yi dariya sai shi. Na kwashe duka na gaya masa, tun daga akuya a turke har tambayar innarku. Yana ji yana gyaɗa kai, kamar ana ba shi labarin ruwan da ya riga ya jiƙa shi. Da na gama ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa cewa ranar da aka fara kiran kakansu Haruna a kasuwar Baure bai waiga ba, sai da aka dafa kafaɗarsa, don a gidansu ba a taɓa kiransa da shi ba. Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini wannan ba. Ya ce, "Ka taɓa bari na kai ƙarshen magana?" Na sunkuyar da kai.

Sai ya ce a matso da yara. Aka matso da su har bakin ƙofa. Ya ce, "Abin da na roƙe ka ran bikin ɗanka. Ga su nan, su ji."

Na miƙe. Na gyara murya, aka yi tsit ɗin nan da nake so, amma ranar bai yi mini daɗi ba. Na ce: Ɗahiru ɗan Musa, ɗan Haruna wanda ake ce wa Abba, ɗan Idi, ɗan Malam Haruna Mai Rijiya. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce wa wani babban jikansa ya faɗa, ya faɗa bai yi tuntuɓe ba. Sa'an nan yayanku Abba ya shigo da damin ya jingina a bango, na ce ga wannan daga gidan ƙane, a yi haƙuri, ya daɗe a hanya. Malam Ɗahiru ya miƙa hannu ya shafa zangarniyar, ya murza 'yan ƙwayoyi ya kai hanci. Ya ɗago kai wajen da yake jin numfashina.

Ya ce, "Allah ya karɓi sadaka."

Na ji kalmar ta shige ni har ƙashi, na ce amin. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya lalubo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Ɗaya na rama, Yahaya. Sauran na yafe. Allah ya bar zumunci. Ku kawo wa ƙanena fura."